Shin Ana Sayen Basira A Kanti?

Duk shekara in lokacin jarrabawa ya ƙarato, akwai wata kasuwa da ke ci a gefen makarantunmu, wadda ba a kafa mata rumfa ba, ba a kuwa naɗa mata sarki ba. Ita ce kasuwar maganin basira. Da can mun san mai tallan magani da akwatinsa a ka, ko kuwa cikin mota da lasifika ran kasuwa. Yanzu ya shigo aljihun kowa ta wayar hannu, ya yi wa kwalbarsa ado da hoton ƙwaƙwalwa mai walƙiya, yana cewa ƙwaya guda da safe ta isa ta buɗe kai, ta kori mantuwa, ta kawo natsuwa, har ta yaye baƙin ciki. Ɗalibai suna saye, malamansu suna saye. Akawun da lissafin ƙarshen wata ya yi wa yawa shi ma yana saye. Har waɗansu iyaye sun fara haɗa wa 'ya'yansu da guzurin komawa makaranta, tare da gari da ƙuli-ƙuli.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a kan wannan magana shi ne wani abu da ya faru a gabanmu. A wata kwalejin horon malamai, wani ɗalibi ɗan ajin ƙarshe, yaro mai ladabi wanda ba a taɓa kama shi da wani laifi ba, ya sayi waɗansu ƙwayoyi wai na hana barci da ƙara hadda. Ya kwana uku yana karatu ido biyu. Ran jarrabawa ya shiga ɗaki, aka raba takardu, ya rubuta sunansa da lambarsa, ya fara amsa tambayar farko, sai kansa ya sauka bisa tebur. Mai tsaron jarrabawa ya tashe shi har sau biyu. Da aka karɓi takardu, abin da ya rubuta bai cika shafi guda ba. Ubansa manomi ne, sai da ya sayar da tunkiya kafin ya biya masa kuɗin jarrabawar. Da muka tambayi yaron sunan ƙwayar, ya ce bai sani ba, a ƙulle cikin leda aka miƙo masa.

To, ga ra'ayinmu tun daga farko, don kada mu ɓata wa mai karatu lokaci. Ba a sami wata ƙwaya ta kanti ba tukuna wadda aka tabbatar tana ƙara wa mai lafiya basira. Waɗansu ba su yin kome sai cin kuɗi, waɗansu kuwa har lahani su ke yi. Abubuwan da ke gyara tunawa da gaske sanannu ne, yawancinsu kuma sun fi kwalbar araha. Za mu kawo hujjojinmu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya auna da hankalinsa.

Inda Maganar Ta Samo Asali

Turawa suna da suna guda da su ke kiran irin waɗannan magunguna, watau nutirofik. Wani masani mutumin Romaniya, Corneliu Giurgea, wanda ya yi aiki a wani kamfanin magani a ƙasar Beljiyam, shi ya ƙago kalmar a shekarar 1972. Ya haɗa ta daga kalmomi biyu na Girkanci, ɗaya ma'anarta hankali, ɗaya kuwa juyawa. Maganin da ya fara laƙaba wa sunan shi ne piracetam, wanda aka haɗa a 1964. Giurgea ya kafa wa sunan sharuɗɗa masu tsanani. A ganinsa, kafin magani ya cancanci a kira shi haka, sai ya ƙarfafa koyo da tunawa, ya kare ƙwaƙwalwa daga abin da zai cuce ta, ya zama ba ya sa maye, lahaninsa kuma bai taka kara ya karya ba.

Yau fiye da shekara sittin ke nan da haɗa piracetam, amma hukumar magunguna ta Amurka ba ta yarda da shi ba har yanzu. A Ingila kuwa likita ne ke rubuta shi, don wata cuta ta fizgar jiki. Sunan dai ya kuɓuce wa masana, ya faɗa hannun 'yan kasuwa. Yanzu duk abin da aka ɗura cikin kwalba, ganye ne ko saiwa, man kifi ne ko bitamin, in an zana ƙwaƙwalwa a jiki ya zama maganin basira.

Yadda A Ke Gwada Magani

Mun sha jin mutum ya ce, ai ni na sha na kuwa ji canji. Ba mu ƙaryata shi ba, gama lalle ya ji. Amma likitoci sun daɗe da sanin cewa in ka ba mutum ƙwayar wofi, wadda ba kome ciki sai gari da sukari, ka ce masa maganin basira ce, sau da yawa zai dawo ya ce kansa ya buɗe. Sa rai kaɗai ya kan sa mutum ya ji ƙarfi, balle wanda ya biya kuɗi mai yawa, wanda zuciyarsa ba ta so a ce an cuce shi.

Sabo da haka ga yadda a ke gwaji na gaskiya. A tara mutane masu yawa, a raba su kashi biyu da ƙuri'a. Kashi ɗaya a ba su maganin, kashi ɗaya a ba su ƙwayar wofi mai kama da shi sak. Mai sha bai san wadda ya sha ba, mai ba shi ma bai sani ba. Bayan watanni ko shekaru a yi musu jarrabawa iri ɗaya, sa'an nan a buɗe littafin sirri a ga ko an sami bambanci. Kowane malami ya san dalilin wannan, gama shi ne dalilin da ya sa a ke rufe sunan ɗalibi kafin a duba takardarsa.

An yi wa mashahurin cikinsu irin wannan gwaji. Ginkgo wani itace ne na ƙasar Sin, ganyensa ya yi suna a duniya wai yana hana mantuwa. A Amurka aka tara tsofaffi 3,069 masu shekara 75 zuwa sama, aka ba rabinsu miligiram 120 sau biyu kowace rana, rabi kuwa ƙwayar wofi, aka bi su kimanin shekara 6. Da aka bayyana sakamako a 2008, sai aka ga gigin tsufa ya kama waɗanda suka sha ginkgo kamar yadda ya kama waɗanda ba su sha ba. A Faransa aka sake gwadawa da mutane fiye da 2,800 har shekara 5, sakamakon ya fito a 2012, labarin bai sake ba. Ban da haka, likitoci suna gargaɗi cewa ginkgo ya kan ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini.

A 2019 kuma wata majalisar masana lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ƙungiyar dattawan Amurka mai suna AARP ta tara, ta duba abin da aka bincika a kan irin waɗannan kwalabe. Ƙarshen maganarsu shi ne ba su ba da shawarar shan ko ɗaya ba don gyaran ƙwaƙwalwa, sai fa ga wanda likita ya auna ya ga jikinsa ya rasa wani sinadari.

Lambar Hukuma Ba Shaidar Aiki Ba Ce

Mai karatu zai ce, in ba su yin aiki, yaya hukuma ta bar su a kanti? Wannan tambaya ce mai kyau. A Amurka, inda yawancin wannan ciniki ya bunƙasa, an yi doka a 1994 wadda ta raba magani da abin da su ke kira ƙarin abinci. Magani ba ya shiga kasuwa sai an gwada shi an nuna yana warkarwa. Ƙarin abinci kuwa mai shi ba ya bukatar ya nuna wa kowa cewa yana aiki kafin ya fara sayarwa. Muddin bai ce yana warkar da wata cuta ba, yana iya cewa yana taimakon tunawa. Ta wannan ƙofa maganin basira ya shiga.

A can akwai wata ƙwaya mai suna Prevagen, wadda aka ce an samo sirrinta daga wata 'yar halittar teku mai sheƙi cikin duhu. An yi shekaru ana tallanta a talabijin ga tsofaffi masu tsoron mantuwa. A 2017 hukumar kula da ciniki ta Amurka tare da Jihar New York suka kai masu ita ƙara a kan tallan. Sai a watan Disamba na 2024 kotu ta hana su cewa tana gyara tunawa. Kusan shekara 8 ana shari'a, tsofaffi kuwa suna ta saye. In haka ta faru a ƙasar da ke da lauyoyi da ɗakunan gwaji birjik, sai mu yi tunanin abin da ke iso mana nan cikin leda.

Wani likita na jami'ar Harvard, Pieter Cohen, da abokan aikinsa sun sayi iri 10 na waɗannan kwalabe sun auna abin da ke ciki. A 2020 suka bayyana cewa sun iske magunguna 5 waɗanda ba a halatta a Amurka ba. Waɗansu ba a ma rubuta su a jikin kwalba ba, waɗanda aka rubuta kuwa yawancinsu adadin da aka faɗa bai dace da abin da ke ciki ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne vinpocetine, wanda hukumar magunguna ta can ta yi gargaɗi a 2019 cewa yana iya jawo ɓari ko ya cuci ɗan da ke ciki. Malamai mata da matan ma'aikata su lura da wannan da kyau.

Mu nan Nijeriya muna da NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Amma ya kamata a san ma'anar lambarta. In ka ga lamba a jikin kwalbar maganin ganye ta ƙare da harafin L, abin da ta ke nufi shi ne an duba ba a ga abin cutarwa a cikinsa ba. Ba ta nufin hukuma ta tabbatar yana yin aikin da mai shi ya faɗa. Shi ya sa a kan rubuta a jiki, da ƙananan haruffa, cewa hukumar ba ta gwada da'awar ba. Akawu ya fi kowa sanin bambancin takardar da aka buga wa hatimin karɓa da wadda aka sa wa hannun amincewa.

Ƙwayoyi Masu Ƙarfi

Akwai kashi na biyu, waɗanda su magunguna ne na gaske, kamar Ritalin da modafinil da amfetamin. Likitoci suna ba da su ga masu wata cuta ta rashin iya tsai da hankali wuri guda, da masu cutar da ke sa barci ya kwashe mutum da rana tsaka. Ga waɗannan bayin Allah suna da amfani, ba mu musu. Maganarmu a kan mai lafiya ce, wanda ya samo su ta bayan gida don jarrabawa.

A 2023 masana na jami'o'in Melbourne da Cambridge suka gwada waɗannan magunguna uku a kan mutane 40 masu lafiya, suka ba su wani lissafi mai wuya. Waɗanda suka sha sun ƙara himma, sun daɗe suna fama, sun yi ta juya lissafin, amma ingancin aikinsu ya ragu in an gwada da ranar da suka sha ƙwayar wofi. Watau ƙwayar tana sa mutum ya ji kamar ya zama gwani, alhali kuwa wahala kawai ya ƙara. Ba yau aka fara wannan kuskure ba. A 1940 sojojin Jamus sun sha miliyoyin wata ƙwaya mai suna Pervitin don su yi ta tafiya ba barci. Da aka ga yadda ta ke kama mutane ta bar su a galabaice, sai a 1941 gwamnatinsu ta sa ta cikin jerin miyagun ƙwayoyi waɗanda ba a samu sai da takardar likita.

Mu kuwa abin da ya fi ba mu tsoro shi ne inda wannan hanya ta ke ɓullewa. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. A watan Mayu na wannan shekarar Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, don ɓarnar da ya yi wa samari da 'yan mata. Yaron da ya koyi cewa maganin gajiya ƙwaya ce, maganin tsoron jarrabawa ƙwaya ce, ranar da wani ya miƙa masa tiramol ba zai ga baƙon abu ba. Da haka muka fara, in ji kuturu da ya ga mai ƙyasfi.

Haka kuma maganar masu cewa suna yaye baƙin ciki. Akwai wani ganye da Turawa ke kira St John's wort, wanda ya kan karya ƙarfin waɗansu magunguna a jiki, har da ƙwayar tazarar haihuwa da maganin cuta mai karya garkuwar jiki. Akwai ashwagandha, wata saiwa ta ƙasar Indiya, wadda aka sami rahotannin ta taɓa hantar waɗansu, ƙasar Denmark ma ta hana sayar da ita a 2023. Don abu ya fito daga itace ba shi ke nan ya zama ba shi da lahani ba, ai zaƙami ma ganye ne. Baƙin cikin da ya wuce mako biyu, ya hana mutum ci da barci da aiki, cuta ce wadda likita ke dubawa, ba kuwa abin kunya ba ne. Wanda kuma damuwarsa bashi ce ko albashin da bai zo ba, kwalbar da zai saya ƙara masa bashin za ta yi.

Mu Ba Goro Haƙƙinsa

Kada a ce mun yi son zuciya. Akwai abu guda da aka tabbatar yana wartsakar da mutum, kakanninmu kuwa sun san shi tun fatake suna kai ayari Gwanja suna ɗauko shi daga kasuwar Salaga. Goro ke nan. Sinadarin da ke cikinsa, watau kafeyin, shi ne ke cikin shayi da gahawa, shi ne kuma ke aiki cikin da yawa daga kwalaben nan masu tsada. Ga yadda ya ke yi. Muddin mutum yana farke, akwai wani sinadari da ke taruwa cikin ƙwaƙwalwarsa yana kai mata labarin gajiya. Kafeyin sai ya je ya zauna a mazaunin wannan ɗan saƙo, labarin ya kasa isa. Gajiyar tana nan, an dai rufe mata baki ne. In ƙarfinsa ya sake, sai ta taso gaba ɗaya, kamar yadda ta taso wa yaronmu a ɗakin jarrabawa.

Masana sun ce babban mutum mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 a yini, kimanin kofi 4 na gahawa ke nan, mai ciki kuwa kada ta wuce 200. Bayan kimanin awa 5 rabinsa yana nan cikin jini, don haka wanda ya ci goro da la'asar sakaliya ya taɓa barcinsa na dare. Goro yana buɗe ido, wannan gaskiya ne. Amma ba mu taɓa jin wanda ya ci goro ya iya darasin da bai karanta ba.

Abin Da Ke Toshe Kan Yaro Da Gaske

In malami ya ga yaro ba ya riƙe karatu, kafin ya ce daƙiƙi ne, ga abubuwan da ya kamata ya bincika. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kimanin kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da abinci ke bayarwa. Yaron da ya zo aji bai karya kumallo ba, ba abin da zai shiga kansa. Ƙarancin jini, wanda rashin sinadarin ƙarfe da tsutsar ciki ke kawowa, ya kan sa kasala da rashin natsuwa. Zazzaɓin cizon sauro ya kan kwantar da yaro mako guda, in ya yi tsanani har ya taɓa ƙwaƙwalwa, kimanin rubu'in masu kamuwa da shi a duniya kuwa a Nijeriya su ke. Rashin aidin, wanda ke kawo maƙoƙo, Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa shi kan gaba cikin abubuwan da ke dakushe basirar yara waɗanda a ke iya karewa, shi ya sa tun 1993 aka wajabta sa aidin cikin gishirin da a ke sayarwa a ƙasar nan. Gubar dalma ma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro, ba mu manta da abin da ta yi a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ba, inda yara wajen 400 suka rasu. Wani yaron kuwa lafiyarsa lau, allo ne kawai ba ya gani daga bayan aji, maganinsa tabarau.

A nan ne ƙwaya ta ke da wuri. Wanda likita ya auna ya ga ya rasa sinadarin ƙarfe ko bitamin B12, in ya sha zai ga amfani, gama rami aka cike. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka, wanda sakamakonsa ya fito tsakanin 2022 da 2024, ya nuna ƙwayar bitamin ta yau da kullum ta ɗan taimaki tunawar tsofaffi masu shekara 60 zuwa sama. Taimakon kaɗan ne, ba kuma a kan ɗalibai aka gwada ba. Tulun da ya riga ya cika, kome ka ƙara masa zuba zai yi.

Ga dattawa masu tsoron gigin tsufa kuwa, kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda in an kula da su za a iya kare ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar. A ciki akwai hawan jini, da ciwon sukari, da shan taba, da raunin ji, da raunin gani, da rashin motsa jiki, da ƙarancin ilmi tun ƙuruciya. Ba kwalbar basira ko ɗaya cikin jerin. Malamin da ke koya wa yaro karatu yau, ashe yana yi masa tanadin tsufa.

Maganin Hadda Yana Tsangaya

Abin mamaki shi ne mu da muka gaji hanyar hadda wadda ba ta da na biyu, mu ne mu ke neman ta a kanti. A dubi yadda almajiri ke yi a tsangaya. Ba ya ɗaukar izu guda rana ɗaya. Ya rubuta kaɗan a allo, ya yi ta maimaitawa da murya, ya kawo wa malam da ka, sa'an nan a ba shi izinin wankewa. Da asuba ya tashi ya yi tilawar na baya, da dare a gindin wuta ya sake bi. Haka har ya zama gardi, har ya zama alaramma mai rubuta Alƙur'ani duka da ka. Gaskiya ne a kan yi wa yaro addu'ar buɗin basira, mu ma muna yi wa namu. Amma ba mu taɓa jin alaramman da ya yi wa almajiri addu'a sa'an nan ya ce ya huta da tilawa ba.

Masana sun zo daga baya sun auna wannan hanya sun iske daidai ce. A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada kansa ya ga yawancin mantuwa tana aukuwa ne cikin sa'o'in farko bayan koyo, ya kuma ga maimaitawar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara wuri guda zama a kai. A 1924 aka gwada ɗalibai a jami'ar Cornell, aka ga wanda ya yi barci bayan ya koyi abu ya fi riƙe shi bisa wanda ya zauna farke, gama cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke jera abin da ta tara da rana. A 2006 kuma masana biyu, Roediger da Karpicke, suka raba ɗalibai, waɗansu su yi ta sake karanta darasi, waɗansu su rufe takarda su rubuto abin da suka tuna. Bayan minti 5 masu sake karantawa ne a gaba, amma bayan mako guda masu kawowa da ka sun wuce su nesa. Wanda ya hana kansa barci don ya haɗiye littafi daren jarrabawa ya saɓa wa waɗannan duka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Roƙonmu

Muna roƙon malaman makaranta su faɗa wa ɗalibai wannan magana a fili tun farkon zango, kada su bari sai jarrabawa ta zo. Su fara kowane darasi da 'yan tambayoyi a kan na jiya da na makon jiya, littafi a rufe. Shugabannin makarantun kwana su tsare lokacin kashe fitila, gama matashi yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. In an kama yaro da ƙwaya, a tambaye shi abin da ya tsorata shi kafin a ɗauko bulala, a kuma binciki inda ya samo. Malamin da ke sayar wa ɗalibansa irin waɗannan kwalabe don neman ɗan ƙari a kan albashi, ya ji tsoron Allah, gama yaro ba ya musun abin da malaminsa ya miƙo masa.

Akawuna da sauran ma'aikata, wanda ya ji mantuwa ta dame shi ya je asibiti a auna jininsa da hawan jininsa da idonsa. Iyaye kuwa, kuɗin kwalba guda a sayi wake da gyaɗa da ƙwai da zogale da gishiri mai aidin, a rataya gidan sauro. Hukumomi su ma su sa ido a kan tallan da a ke yi a rediyo da intanet, duk wanda ya ce ƙwayarsa tana sa a ci jarrabawa a ce ya kawo shaidar gwaji.

Yaron da muka ba da labarinsa ya maimaita shekara. A karo na biyu ya riƙa bitar darasinsa kaɗan kaɗan tun farkon zango, daren jarrabawa kuwa ya kwanta bayan lisha. Ya ci, yanzu yana koyarwa a wata firamare ta ƙauye. Amma shekara guda ta tafi, tunkiyar ubansa ma ta tafi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya buɗa basirar 'ya'yanmu, ya kare su daga masu cin kasuwa da tsoronsu, amin.